Gaisuwar Suruki a Tsakiyar Teku

Shekarun baya, kamfanin da nake yi wa tuƙin kaya ya ce mana an gode, ya rufe ƙofa. Na zauna a flat ɗinmu na Plumstead ina gadin rimot, har yarana suka fara tambayar uwarsu da Turanci ko council mai ba da gidaje ce ta kawo ni tare da kujerar falo.

Wani abokina ɗan Zangon Kumasi ne ya cece ni. Mun haɗu a shagon doya a Deptford, ya ja ni gefe ya ce da Hausarsu ta Kumasi mai mayar da mace namiji, "Massa, akwai aiki a ruwa. Matar da yake da jirgin mutumin kirki ne, amma ba ya dariya."

Na ce, "Ni da ruwa? Ni da ko baho zan shiga sai na yi addu'a?"

"Ba iyo za ka yi ba. Turawa za ku kai su kalli dabba."

"Su kama?"

"Su kalla."

"To, su kalla, sannan su kama?"

"Su kalla, su biya, su koma gida."

Na ce lallai duniya da faɗi.

Jirgin yana tashi ne daga can gabas, inda kogin Thames ke buɗe baki ya haɗu da teku. Na ce jirgi don mutunci. Kwalekwale ne mai inji da benci biyu, bai fi hayis ɗin tashar Kano ɗaukar mutane ba. Mai shi, wadda muke kira Kyaftin, ita ke tuƙi. Abokina yana kan inji da igiya. Ni kuma fasinja ne nawa: in sa musu rigar ceto, in yi musu bayanin ƙa'idoji, in miƙa leda ga wanda cikinsa ya juya.

Dabbar da ake zuwa kallo sil ce sunanta. Ku ɗauki buhun gero da ya jiƙe, ku ɗora masa kan kare marar kunne da gashin bakin tsohon ɗan sanda, to kun gan ta. Idan ruwa ya janye sai su hau tudun yashi su baje kamar an gama cin tuwon biki. A lokacin zafin ƙasar Turawa dabbobin nan suke haihuwa, shi ya sa dokar Kyaftin ɗaya ce: idan mun matso kusa da su, ba a tashi tsaye, ba a ɗaga murya. In suka firgita suka ruga ruwa, uwa kan rabu da ɗanta, wani lokaci har abada.

Ni kuwa na riga na karya dokar sau ɗaya. Wani ƙaton sil ne ya yi atishawa irin ta kawuna sak, dariya ta ƙwace mini. Dariyata kuwa, waɗanda suka san ni sun sani, in na yi ta a Plumstead ana amsawa a Woolwich. Kafin in rufe baki tudun nan ya zama fili. Da muka sauka Kyaftin ta ce mini, cikin sanyin murya irin wanda ya fi tsawa ciwo, in aka sake tarwatsa su, ko ni ne ko fasinjan da na bari ya miƙe, in ajiye rigar aiki in nemi tashar jirgin ƙasa.

Ana nan sai surukina ya zo daga gida, aka cire masa yanar ido a babban asibitin Camberwell inda matata ke aiki. Dattijo ya wayi gari yana ganin komai. Ƙurar da ke saman firij ma sai da ya gani. Kunne ɗaya ne dai ya ƙi dawowa.

Sai ku fahimci yadda muke da shi. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kama sunansa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Zamansa a gidanmu a tsaye nake cin tuwo a kicin kamar ɓarawo. Tsakaninmu gaisuwa ce a durƙushe, ya ce "Madalla", in zame. In magana ta zama dole, ba ma yi wa juna, bango muke yi wa.

Wata safiya ya dubi bangon falo ya ce, "An ce mutum yana tuƙa jirgin ruwa. Tunda Allah ya dawo da ido, da an ga jirgin nan."

Ni ban taɓa cewa ina tuƙa jirgi ba. Hoto kawai na aika wa yayata, ina tsaye da rigar aiki, wani ƙaton jirgin dakon kaya yana wucewa a bayana. Ban ce nawa ba ne. Ban dai ce ba nawa ba ne. Kafin hoton ya zaga dangi na zama Kyaftin ɗin Ingila.

Na je wa matata da kuka. Ta ce, "Ai na riga na yi masa booking. Ni ina da aiki ranar, ku gaisa da kifaye."

Ranar ya fito cikin farar babbar riga ta shadda, ta sha sitati har tana ƙara. A jirgin ƙasa ya zauna a wannan ƙarshen tarago, ni a wancan. Da muka isa bakin ruwa ya ƙare wa kwalekwalenmu kallo da sabbin idanunsa, ya tambayi iska, "Wannan ne zai kai mu wurin jirgin?"

Na ce wa iska, "Babban yana gyara."

Abokina ya sunkuya kan inji yana tari.

Sai batun rigar ceto. Rigar nan tana da wata igiya da ake zurawa ta tsakanin ƙafafu a ɗaure ta gaba, don kada ruwa ya zare ta ta kai. Aikina ne in ɗaure wa kowa, in ja in tabbatar. Na ɗaure wa Turawa ɗaya bayan ɗaya ina ja musu wasa, layi yana raguwa, zufa tana ƙaruwa. Na leƙa wurin abokina na ce ya rufa mini asiri.

Ya ce, "Surukinka ne, ba nawa ba. Ni nawa yana Kumasi, ya huta."

Na dawo na tsaya gefen dattijo, na fuskanci teku, na ɗauki wata rigar na gwada a jikina. Na ce, "Mutum idan ya ga dama, yakan bi da wannan igiyar ta nan."

Shi ma ya fuskanci teku. "Mutum ya gani."

Ya tattare shadda, ya cusa, ya zura, ya ɗaure, ya fito kamar huhun goro. Sai ga Kyaftin tana duba fasinja. Ba ta yi wata-wata ba ta kama igiyar nan ta finciko ta da ƙarfi. Dattijo ya yi sama kaɗan ya ce, "Innalillahi!" Ni kuwa na dage ina nazarin wani tsuntsu da ke can nesa, kamar ni na haife shi.

Na yi bayanin ƙa'idoji da Turanci kamar kullum, na rufe da abin da nake rufewa da shi: in kun ga ma'aikaci ya yi abu, ku yi irinsa, kada ku tsaya tambaya.

Muka kama hanya. Dattijo bai ji jiri ba ko kaɗan, sai ma wani Bature mai kyamara tsawon taɓarya da ya cika mini leda biyu. Can Kyaftin ta rage inji, jirgi ya koma shawagi. Ga tudun yashi, ga su nan birjik, iyaye da 'ya'ya. Kowa ya yi tsit.

Sai na ji ƙarar sitati.

Surukina ya miƙe tsaye. Mutumin da ya yi shekaru yana ganin duniya kamar ta cikin koko, yau ga abin kallo, wa zai ce ya gani daga zaune? Iska ta shiga hannayen babbar riga ta buɗe su fau, ya zama kamar farin tanti ya tashi zai yi kiran salla. Ya ce da muryar mai kunne ɗaya, "Ikon Allah! Ayu ne wannan ko kare?"

A kan tudu dabbobin suka ɗago kai. Wata uwa ta fara jan ciki wajen ruwa, ɗanta na baya. Kyaftin ta dube ni, ta nuna shi da yatsa, ta nuna benci.

Jama'a, kalmar guda ce: zauna. Na faɗa wa Turawan da suka girme shi ita sau ba adadi. Ta taso daga cikina, ta iso maƙogwaro, ta leƙo ta ga wanda za a faɗa wa, ta koma. Na gwada ta hanyar iska, na ce, "A nan mutane sukan zauna." Iskar ta tafi da ita Faransa.

Ga aikina yana jan ciki zai faɗa ruwa, ga uban matata. Ban san lokacin da gwiwoyina suka yanke shawara ba. Na ji ni dai a durƙushe a gabansa cikin ruwan da ke kwance a ƙasan jirgi, na sunkuyar da kai, na ce a hankali, "Baba, barka da war haka."

Dattijon kirki ba ya barin gaisuwa a ƙasa. Amma bai ji ba, sai ya ranƙwafo da kunnen mai lafiya. "Na'am?"

Na ƙara yin ƙasa da murya, na ƙara yin ƙasa da kai. "An zo lafiya? Ya gajiyar hanya?"

Ya ƙara ranƙwafowa. "Lafiya lau. Madalla."

"Ya aka baro mutan gida?"

Kafin mu kai kan Hajiya, uwar matata, mazaunansa sun sami benci. Hannayen riga suka kwanta.

To amma na san da na rufe gaisuwa zai sake miƙewa. Don haka na ci gaba. Na gaida Hajiya, na gaida yayyen matata da ƙannenta ɗaya-ɗaya da 'ya'yansu. Na tambayi damina, na tambayi gero, na tambayi shanu. Na shiga maƙwabta gida-gida, na fita ta bayan layi, na gaida mai shayi, na gaida limamin unguwa da ladaninsa. Shi kuma yana ta "Lafiya lau, suna nan ƙalau," idonsa na kan tudu.

Da na saci kallon gefe, sai na ga abin da har gobe in na tuna sai na nemi wurin zama. Turawan nan duk sun sauko daga benci sun durƙusa. Ai na ce musu abin da ma'aikaci ya yi su yi. Mai kyamarar taɓarya har da sunkuyar da kai, wata tsohuwa tana motsa baki tana kwaikwayona.

Surukina ya waiga ya ga jirgi guda na Turawa a durƙushe a gabansa. Ya gyara zama, ya dunƙule hannu ya jinjina musu. "Yauwa, sannunku. Allah ya yi albarka. Ku tashi, ku tashi haka nan."

Ban taɓa gode wa Allah da Bature ba ya jin Hausa kamar ranar ba.

Da jirgi ya yi ƙasa ya yi shiru, uwar nan ta tsaya, ta juyo ta koma wurin ɗanta. Kawuna suka kwanta. Can sai ga wani ya ɓullo daga ruwa dab da mu, da gashin bakinsa, ya zuba wa surukina ido. Dattijo ya dube shi ya ce a hankali, "Kai ma sannu. Ya iyali?"

Da muka sauka Kyaftin ta kira ni gefe. Na fara kwance rigar aiki. Ta tambaye ni mene ne wannan da na yi. Na ce wata tsohuwar dabara ce ta mutanenmu ta kwantar da fasinja. Ta daɗe tana kallon wandona da ya jiƙe har cinya, sannan ta ce gobe kada in makara. Abokina ya rantse ya ga gefen bakinta ya motsa. Na gama lokacin zafin nan cif a jirginta.

A hanyar komawa dattijo bai tafi ƙarshen tarago ba, ya zauna kujerar da ke kallon tawa. Muka yi nisa. Sai ya dubi taga ya ce, "Mutum idan yana so mutum ya zauna, yakan iya jan gefen riga."

Na ce wa taga, "An gode."

"Kuma limamin da aka gaisar ya daɗe da rasuwa. Har da mutum aka aiko ta'aziyya."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. Na dai ce yana lafiya, don na ga matar nan tana kallon mutum." Ya gyara hannun riga. "Babban jirgin kuma, Allah ya sa a gama gyaransa."

Da ya koma gida, labarin da ya bayar shi ne mijin 'yarsa in ya durƙusa Turawa durƙusawa suke yi. Girman jirgi kuwa bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Yau ba ya duniya, Allah ya yi masa rahama. Yarana da aka haifa a nan in na ba su labarin sai su ce, "Daddy, me ya hana ka ce masa ya zauna kawai?" Nakan yi dariya, don ban san ta inda zan fara ba. Abin da na sani shi ne, a duk shekarun da na yi ina surukinsa, wannan gaisuwar ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi, kuma ya amsa mini ita har ƙarshe, da rayayyu da matattu, don kada a kore ni. Gwiwata ta hagu har yanzu takan yi ciwo in sanyi ya shigo. Matata ta ce in kai ta asibiti. Na ce a bar mini ita.