Mai Jan Ƙulli Sau Uku

Hure mai fura tana kallonsa a tashar Bici, ko sunansa ba ta sani ba. Dogo ne ramamme, da koɗaɗɗiyar hular kwano. 'Yan tasha sun ce ya koyi gyaran manyan fankokin da ke ba da lantarki a tsakiyar teku, amma wa'adin takardar shaidarsa ya ƙare kafin biza ta fito. Yanzu buhunan gero yake ɗaurewa a kan mota, kowane ƙulli sai ya ja shi sau uku.

"Malam, gero ne fa, ba teku ba!" in ji direba.

"Igiya ba ta san haka ba, Alhaji."

Motar ta tashi da fasinja jibge a saman kaya, ya bi su da ido. Buhunan dai ya ɗaure. Mutanen kuwa, sai Allah.