Mun Tsaya Wa Baba Iliya A Ƙofa

Da diga da shebur muka shiga gidan Baba Iliya, maƙwabcinmu a Ƙaura, tsohon sojan da ya yi yaƙin basasa. Ya rasu da safe, mu kuwa ba mu saba barin gawa ta kwana ba.

Matarsa, Mama Rahila, ta share hawaye ta ce, "'Ya'yana, ku aje kayan nan. Mu sai yara sun taru muke rufewa. Auta ya taso daga Zurmi, amma wayarsa ba ta shiga."

Kun san hanyar nan yanzu da 'yan bindiga.

Baba dai in ɗansa na kan hanya, yana tsaye bakin ƙofa da Baibul ɗinsa, ko abinci ba ya ci. Sai muka jingine shebur, muka tsaya inda ya saba tsayawa, kowa na addu'a irin tasa.

Bayan la'asar sai ga Auta bisa mashin, ashe caji ne ya ƙare masa.

Mama ta ce, "To, yanzu tsoho ya huta."

Ku a gidanku, wa ke tsaya muku a ƙofa?