Tanimu Mai Kunne da Turmin Iya Fure

Da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe Malam Tanimu yake jingine kekensa a bayan tashar motar Kontagora, ya buɗe ɗan shagonsa mai ƙofar langa-langa. Zai share gaban shago tukuna. Daga nan ya mirgino wani tsohon turmi mai tsaga a gefe, ya kife shi a bakin ƙofa don mai zuwa ya sami wurin zama. Sai abin da ke sa wasunmu sammako: ya yaye zanen atamfar da yake rufe kwamfutarsa da shi, ya danna mata maɓalli, ya naɗe hannu yana jira.

Ita kuwa ba ta tashi da garaje. Za ta fara gurnani can ƙasa-ƙasa, ta yi tari sau biyu, ta yi 'yar ƙara guda kamar ɗan tsako, sannan koren rubutu ya soma fitowa a baƙin gilashinta layi-layi. Idan mai sauri ya ce, "Malam, motata za ta tashi fa," sai ya ce, "Bari ta gama miƙa. Kai ma ba daga farkawa kake kama gudu ba."

Kafin ta gama miƙar ya sa kaset a rikoda. Baƙo zai zauna yana jiran mawaƙi ya soma, har kaset ya kai rabi babu mawaƙi babu makaɗi. Ruwan sama ne kawai a kan rufin kwano, ko kwaɗin fadama, ko hayaniyar kasuwa daga nesa da kukan jaki a cikinta. Wani direba ya taɓa leƙowa ya ce, "Malam, rikodarka ta lalace." Malam Tanimu ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Ƙalau take. Ruwan Mashegu ne, na damunar tamanin da tara. Zauna ka ji inda ya tsananta." Direban ya zauna don ya sami abin dariya, har aka gama lodin motarsa yana nan baki sake. Irin wannan ya sa ake ce masa Tanimu Mai Kunne.

Sana'arsa ta asali buga takarda ce: wasiƙa, takardar neman aiki, katin suna da na biki. Da tafireta ya fara, sai a shekarar casa'in da uku ya sayo kwamfutar nan ta hannu daga Kaduna. Amma akwai wasiƙar da ba a bugawa. Mutanen ƙauye da ba su yarda da takarda ba sukan ce a ɗauki muryarsu a kaset, a aika wa ɗan'uwa a Legas ko Kaduna. Duk mai rikoda yakan yi wannan. Inda Malam Tanimu ya fita daban shi ne, in an gama magana ba ya kashewa. Sai ya juya kaset, ya ɗora rikoda a gindin rumbu, ya ce kowa ya koma harkarsa, shi kuma ya je inuwa ya zauna har kaset ya ƙare. Gefe ɗaya mutane, gefe ɗaya gida. Mun sha gaya masa ɓarnar batir ce. Ni ma na faɗa, Allah ya yafe mini.

Ga abin da ya rufe mana baki. Da ranin shekarar tamanin da bakwai wani mutum mai suna James, ma'aikacin masaƙa a Kaduna, ya zo shagon fuska a yamutse. Mahaifiyarsa, Iya Fure, daga wata 'yar tunga a bayan Tungan Magajiya, ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Ya ɗauke ta zuwa Kaduna aka yi mata aiki. Likita ya ce wata uku ba ta ba hanyar daji, kuma lalle ta ci abinci, in ba haka ba ƙashi ba zai kama ba, jiki ma ba zai ɗauka ba.

"To, Malam, kwana tara ke nan sai ɗan kunu da kyar," in ji James. "Ta juya wa kowa baya tana kallon bango. Ta ce na kai ta garin da ba a jin komai sai ƙarar mota, wai ita ta riga ta mutu, rufewa ce ta rage. Ka taimake ni mu je gida a ɗauko muryar 'yan'uwa, ko ta ji su ta ci."

Malam Tanimu ya rufe shago ya hau bayan babur, rikoda a ƙirji.

Da suka isa, kowa ya shiga ɗaki ya sa kayan zuwa coci, kamar kaset yana da ido. Mutanen da kullum Dukanci suke yi a tsakar gida, suna ganin rikoda sai suka koma Hausar rediyo. Sati, ƙanen James, ya gyara murya ya ce, "Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke lafiya. Gida lafiya. Dabbobi lafiya. Kayanki duka lafiya." Matarsa Marta kuwa abin da ta iya faɗa kawai, "Iya, ki ci abinci," ta rufe fuska da gyale ta gudu bayan ɗaki.

James ya miƙe ya ce, "Malam, mun gama. Mu kama hanya kada in rasa motar Kaduna."

"Ku kun gama," in ji Malam Tanimu yana juya kaset. "Gidan bai yi magana ba tukuna. Marta, ba daka za ki yi ba da muka zo? To, je ki yi abinki."

Abin da ya faru a Kaduna James ya ba mu labarinsa a bakin shagon nan ya fi sau goma, kuma bai taɓa kai ƙarshe ba tare da ya share hawayen dariya ba. Ya sa mata gefen farko, ko motsi ba ta yi ba. Da ya ƙare ta ce, fuska na bango, "Waɗannan ba 'ya'yana ba ne, masu karanta labarai ne." Ya juya kaset don kawai kada a ce bai juya ba. Sai ga kukan zabi. Sai ga guga yana bugun bangon rijiya. Akuya ta yi kuka. Can sai daka ta tashi.

Tsohuwa ta ɗaga hannu. "Mayar baya."

Ya mayar. Sau uku tana sa shi mayarwa. A na ukun ta juyo, karo na farko cikin kwana goma sha ɗaya, ta kafe shi da ido.

"James. Wa ya fasa mini turmi?"

"Haba Iya, ba kin ji Sati ya ce kayanki duka lafiya ba?"

"Sati maƙaryaci ne tun yana goye! Turmina dum, dum yake cewa. Wannan kwaf, kwaf yake yi. Turmin kirya da babanku ya sassaƙa mini da hannunsa! A rana suka bar shi, na sani. Akuyar nan kuma da kake ji, kukan yunwa take yi, ba wanda ya ba ta dusa. Wato ban mutu ba har an fara rabon gidana." Ta yi huci, ta dubi kwanon da ke gefen gado. "Mene ne a ciki? Kawo nan. Ba nama? Je ka nemo nama. Sai na taka ƙafata na shiga gidan nan."

Fushi ya ba ta abinci, ba lallashi ba. Kullum da safe sai ta sa a kunna mata gefe na biyu, ta tsinto sabon laifi, ta ci tuwo a kansa. Da labari ya iso Kontagora, Malam Tanimu ya sake hawa babur har sau biyu ya ɗauko mata ƙarar gida a kaset. Ya tarar da Sati cikin tsoro yana shirin sayo sabon turmi, sai ya hana shi. Ya ce, "Kada ku kuskura. Da wannan za ku yi ta daka har ta dawo. Maganinta ke nan."

Bayan wata uku da 'yan kwanaki Iya Fure ta sauko daga mota a tashar Kontagora da sandarta, ta ce ba za ta wuce ba sai an nuna mata mai rikodar.

"Kai ne ɗan tsegumin da ya kai mini ƙarar gidana har Kaduna?"

"Ni ne, Iya."

"To, Allah ya yi maka albarka. Amma kada ka zo gidana ranar da nake faɗa."

Bayan mako guda Sati ya zo da turmin ɗaure a bayan keke, kai a sunkuye. Ya ce, "Iya ta ce ba ya dakuwa kuma, amma tun da ya iya magana, wurinka ya dace."

Malam Tanimu, kai ne ka gane cewa wanda ke nesa ba gaisuwa kaɗai yake kewa ba, har da ƙarar da bai taɓa sanin yana ji ba. Kai ne ka zauna a inuwa kana ɓarnar batir muna yi maka dariya, ashe mu ne kuramen. Takardun da ka buga sun sama wa mutane aiki, mun gode. Amma wa ya san sojoji nawa, da matan aure nawa, da 'yan makaranta nawa suka ji zakaran gidansu ya yi cara a wani gari saboda kai?

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ido ya yi rauni, koren rubutun ya fara haɗe masa. Ga kuma sababbin shaguna sun buɗe da kwamfutoci masu launi, masu sauri, waɗanda ba sa tari ba sa miƙa. Ba na kushe su. Sai dai mutum yana shiga ake sallamarsa, ba ya ko sanin wa ya zauna kusa da shi.

Ranar Talatar da ta wuce na same shi ya kara rikoda a jikin tsohuwar kwamfutar, ya yi mini alama in yi shiru. Ta yi gurnaninta, ta yi tarinta biyu, ta yi 'yar ƙararta. Da ya kashe na ce, "Malam, ruwan sama na gane, turmi na gane. Kukan kwamfuta kuma wa zai nema?"

Ya rubuta kwanan wata a jikin kaset, ya ce, "Duk wanda ya zauna a turmin nan yana jiran takardarsa, wannan gurnanin ya ji. Wata rana wani cikinsu zai tsufa a wani gari, ya ƙi cin abinci."

Mun gode, Mai Kunne. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya, ya bar maka kunnenka. Ku kuma masu tasowa, kowace irin sana'a kuke yi, ku yi koyi da shi: in mutum ya gama faɗin abin da ya kawo shi, kada ku yi saurin kashe rikoda.

Iya Fure tana nan da ranta, ta haura tamanin, har yanzu ita ke ba akuyoyinta dusa. Da ta ji za a rufe shago, ta aiko James da saƙo guda. Ta ce a gaya wa Tanimu ya tafi da turmin gida, kuma in ya bar shi a rana za ta ji.