Sunan Da Ya Hana Iya Cin Tuwo

Ranar wata Juma'a a 1957, ana tsakiyar girbin gero, aka ɗora Iya, mahaifiyar babanmu, a kan jaki zuwa ɗakin shan magani na Matameye, ni kuma ina biye riƙe da butarta. Abin da ke damunta ba baƙo ba ne a gidanmu. Duk shekara in sabon wake ya shigo, sai ta ci har ta kasa miƙewa, ciki ya kumbura, ƙirji ya ɗau zafi, ta yini tana gyatsa. Maganin ma mun san shi: a jiƙa jar kanwa a ƙoƙo ta kurɓa, kashegari ka ji ta a tsakar gida tana faɗa da kaji. Wannan karon ne Baba ya ce ai an kawo likita gari, abin kunya ne a bar tsohuwa da kanwa.

Likitan, wani saurayi mai farar riga, ya danna cikin, ya ce, "Dispepsi." Shi ke nan fa! Ya miƙo farin gari a takarda, ya kira na gaba. Baba ya karɓa bai tambayi ma'anar kalmar ba, don a zamanin tambayar ma'aikaci rashin kunya ce.

A wurin tsofaffinmu, ciwon da ke da suna da Hausa yana da saiwarsa a daji, wanda ba shi da suna kuwa na tafiya lahira ne. Tun a kan jakin Iya ta yanke wa kanta hukunci. Ta bar wake, ta bar tuwo, har furar da take damawa da hannunta ta bari, sai kunu tsararo kamar ruwan wankin ƙwarya. Kanwarta ta bai wa maƙwabciya, wai "kanwa ba ta san ciwon Nasara ba." Garin likitan kuma ta ƙulle a bakin zane, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

Ni na sha wahalar. In gama surfe, in ɗebo ruwa, ina jiyo ƙawayena suna gaɗa a dandali, ni ina durƙushe gabanta da akushi. "Iya, don Allah loma ɗaya." Sai ta kau da kai: "Ɗauke, 'yar nan, mai irin ciwona ba ya cin tuwo." Wa ya gaya mata? Babu! Haushi ya sha sa ni kuka a bayan rumbu. Muna kallo ta rame har awarwaro yana zamewa daga hannunta, ba ta ga ruwan farko na damina ba. Kwana ne ya ƙare, na sani, amma da yunwa ta tafi, rumbunmu cike.

Kwanan baya na ci wake ina gyatsa, jikata mai koyon aikin jinya a Damagaram ta yi dariya: "Hajiya, dispepsi ce." Wallahi sai na ajiye cokali na ce ta faɗa mini ma'anarta. Ta ce kalmar Girkawan da ce, Faransawa ma aro suka yi. Farkonta na nufin abin da ya ƙi tafiya daidai, ƙarshenta dahuwa, don su a ganinsu ciki tukunya ne. Abinci bai narke ba, iyakarta ke nan. Kumburin cikin da muka sani tun muna yara!

Yaran yanzu sai sun tsare likita da tambaya har ya gaji, kuma ina sa musu albarka. Ranar na sa an jiƙo mini kanwa, na riƙe ƙoƙon na kasa sha. Da saurayin likitan nan na Matameye ya ƙara kalma biyu da Hausa, da Iya ta ci tuwonta.