Ɗiyata Ta Ci Kofi da Ni

Ina zaune a layin gaba, na sha babbar riga, sai ɗiyata Dije ta miƙe ta ce uwa ta fi uba amfani a gida.

Lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, ba a yi jihar Kebbi ba tukuna. Rediyo ya sanar makarantarsu ta Birnin Kebbi za ta yi muhawara, har da sunan Dije. Ni da ban gama firamare ba, na kwaso abokaina daga Argungu su ga jinina.

Duk misalanta nawa ne: barcin rana, zaman dara, da ranar da na manta ta a kasuwar Gulma. Abokaina suka fi kowa tafi. Ta ci kofi.

A waje na ce, "Ke Dije, mi na yi miki?"

"Baba, ƙuri'a anka yi, ɓangaren uwa yaf faɗo muna."

"To, da uba yaf faɗo fa?"

Ta ɗan yi tunani. "Da mun koma hannu banza, Baba."

Ni na rungumo kofin har gida. Lalacina ya ciyo shi, ai ina da kaso.

Iyaye maza, wa aka taɓa yi wa irin wannan tonon asiri?