Fuskar Injiniya

Mai gyaran keken ɗinki ne, amma tun yana saurayi teloli suka laƙaba masa Injiniya, sunan kuwa ya bi shi har tsufa. Shagonsa ɗan ƙarami ne mai warin man keke, da kawunan kekuna jere a kan kanta, kowanne da ƙyallen da mai shi ya ɗaura don shaida. Da kunne yake gano matsala. Sai ya ce a taka, ya lumshe ido ya saurara, sannan ya ɗauki sukudireba.

A gida bai taɓa ɗaga murya ba. In ransa ya ɓaci sai ya ɗaure fuska ya yi shiru, mai laifi kuma ya san abin yi: ya je ya durƙusa ya nemi gafara. Haka aka reni 'ya'yan gidan duka.

Da tsufa ya kama shi, hannunsa na dama ya soma rawa, ƙananan kusoshi suna zuba ƙasa. Likita ya ce ciwon Parkinson ne, ya ba da ƙwayoyi. Aka rufe shago. Injiniya ya koma kujerar bakin taga. Abinci ya daina yi masa daɗi, ko rediyo ba ya son kunnawa, wani nauyi ya danne masa ƙirji wanda shi kansa bai san dalilinsa ba. Ciwon kuma ya sandarar masa da fuska, ko ƙyafta ido da ƙyar.

Iyalinsa suka dubi fuskar nan, suka ce lalle an yi wa Baba laifi babba. Matarsa ce ta fara zuwa, ta ce in maganar rufe shago ce a yafe mata. Babban ɗansa ya baro aikinsa a wani gari ya zo ya durƙusa. 'Yarsa ta zo da kuka. Har surukinsa, wanda bai san abin da ya yi ba, ya cire takalmi ya ba da haƙuri, wai ko da akwai.

Injiniya ya yi ta cewa ya yafe, yana kallonsu cikin ruɗani. Sau ɗaya ya taɓa ganin mutane suna bin layi neman gafara irin haka, ranar da mahaifinsa yake kwance ciwon ajali. Ya yanke a ransa cewa likita ya gaya musu abin da aka ɓoye masa. Ya daina shan magani, tunda a ganinsa ba shi da sauran amfani. Matarsa kuwa ta ɗauka fushin ne ya kai har ba ya son karɓar komai daga hannunta. Rawar hannu ta ƙaru, tashi daga kujera ya soma gagararsa.

Wata safiya matarsa ta kawo ƙwayoyin, ya kau da kai, sannan ya ce, "Uwar yara, gaya mini gaskiya. Yaushe likita ya ce zan tafi?"

"Ka tafi ina, Malam?"

"Kowa ya zo mun yi sallama."

"Wace sallama? Ba fushi kake yi ba?"

"Da wa?"

"Ai abin da muke ta tambayar juna ke nan. Ko yanzu hararata kake yi."

Ya ce shi kallonta kawai yake yi. Ta ƙura masa ido, ba ta ga bambanci ba, ta zauna a hannun kujera. Can ya miƙa hannun hagu ya karɓi ƙwayoyin.

Da suka koma asibiti, likita ya bayyana musu cewa sandarewar fuska daga ciwon take, nauyin zuciyar ma yakan zo tare da shi, kuma yana da magani. Ya ce a riƙa zama da shi ana hira, kada a bar shi shi kaɗai.

Yanzu dole matarsa ta tambaye shi da baki yadda zuciyarsa ta kwana, abin da ba su saba ba, har suna jin nauyin juna kamar baƙi. Wata rana ya ce da sauƙi, wata rana ya ce bai sani ba. Ko me ya ce, takan jawo kujera ta zauna.