Jandarma a Ƙofar Inna Hamdiya

Inna Hamdiya ta shekara arba'in tana sayar da daddawa a kasuwar Dakoro, kuma ba ta taɓa yarda da mai kaki ba. Ko gaishe ta ya yi, sai ta yi ta juya gaisuwar a ranta har ta isa gida. Ba ta fashin salla, amma ta gaji wasan bori wurin uwarta: sau ɗaya a shekara, in gero ya shiga rumbu, a yanka baƙin bunsuru, a kaɗa goge a tsakar gidanta. Ta yi imani duk shekarar da ta tsallake, wasan ya mutu ke nan.

Bara, ana tsakar wasan, wasu samarin unguwa suka yi ta jifa ta kan katanga, har suka fasa wa wata baƙuwa goshi. Inna Hamdiya ba ta kai ƙara ba. Wanda ya kai, har yau ba ta san shi ba, ta zargi kowa, har mai sayar mata da kalwa.

Bana, saura kwana uku a yi wasan, kumandan jandarma ya aiko kiranta. Ta ƙulle goronta da bargo, don ba ta sa ran dawowa.

"Inna, doka ta ce kowa shi bi abin da ya yi imani da shi," in ji kumandan. "Za mu ba ki mutum biyu su tsare maki ƙofa."

"Ɗana, mi kuke so wurina?"

"Ba komi."

Wannan amsa ta fi komai tayar mata da hankali. Ruwa ai ba ya tsami banza.

Ranar wasa jandarma biyu suka zo da mota, suka kafa kujeru a ƙofar gida, bindiga a cinya. Ba wanda ya yi jifa, gaskiya ne. Amma matan ƙauyen Korahane masu zuwa wasan, da suka hango motar, sai suka wuce kamar kasuwa za su. Magana ta bazu wai sunaye ake rubutawa. Ɗangoggo mai goge, wanda ya taso tun daga Birnin Lalle, ya cusa gogensa a buhu ya koma tasha.

Har la'asar ta yi sanyi bunsuru na ɗaure yana cin harawa. Baƙin ciki ya ishi Inna Hamdiya, ta fito ta tsaya gaban babba cikin jandarman.

"Ɗana, ku tashi ku tafi, don Allah."

"Inna, in mun tafi jifarku za a yi."

"Bara da anka jefe mu," ta ce, "ai mun yi wasan."